Ƙarin da ya juya mahaifar Goggo Altine

Goggo Altine, ƙanwar mahaifinmu, a rugar gefen tafkin Kalmalo ta yi aure, kuma shekara talatin tana kai nono kasuwar Illela. In saniya ta haihu mahaifa ta biyo maraƙi waje, ita ake kira, ta wanke da ruwan ɗumi ta mayar a hankali. A iya saninta, mahaifa ba ta juyewa sai bayan haihuwa, ko ga dabba ko ga mutum.

Shi ya sa da abin ya same ta, ta kama bakinta. Jini ya daɗe yana yi mata yawa, har ran nan tana sauke ƙwarya ta ji wani abu ya sauko mata. Ta taɓa, ta gane. Ga shi mijinta ya shekara huɗu a ƙasa. Ba mutuwa take tsoro ba, tsoronta a ce ciki ta yi ta zubar. Kwana tara tana ɗaure da tsumma tana tatsa, sai da ta faɗi a bakin kasuwa.

'Yarta Hindatu ta kai ta asibiti, Baffa Dabo, yayan marigayin, ya biyo su. Ma'aikaciyar jinya ta duba, ta tambaya yaushe aka haihu. Goggo ta juya fuska bango. Baffa Dabo ya ɗauki sandarsa ya fita, bai ce uffan ba.

Daga nan aka tura su Sakkwato. Wata likita ta yi mata hoton ciki, ta ce babu alamar juna biyu ko ɓari. Ƙari ne ya tsiro a saman mahaifa daga ciki, nauyinsa ya yi ta janta ƙasa har ta juye kamar aljihu. Aka ƙara mata jini leda uku, aka gwada tsokar aka ga ba ciwon daji ba ne. Mahaifar ta riga ta lalace, don haka aka nemi yardarta a cire duka.

Ta ce ba ta dangwala yatsa sai an kira Dabo. Hindatu ta yi ta roƙo, ta ƙi. Kwana biyu aka yi ana jira kafin ya iso.

"Likita, ki hwaɗa mai da bakinki," in ji Goggo. "Ni in na hwaɗi, ba a yarda."

Likitar ta nuna masa hoton, ta maimaita bayani dalla-dalla. Ya sunkuyar da kai.

"Altine, ni mi na ce? Ban ce komi ba."

"Shirun naka na ji, Yaya."

Sannan ta miƙa yatsa. Ranar da aka sallamo ta, ta tarar Baffa Dabo ya riga ya bi rugage ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin abin da likita ta ce.