Aling Sinang, Mai Gugar Naman Ista

Kafin ƙararrawar coci ta kira masu ibadar safe, Aling Sinang ta riga ta share tsakar gidanta, ta hura gawayi, ta zauna kan ɗan bencinta tana yayyanka albasa. A yawancin shekara shinkafa da kifi take dafa wa masunta da direbobin garin nan namu na bakin tafkin Laguna. Suna ci suna tsokanarta, ita kuwa tana rama musu da baki, wani lokaci har da ludayi. Amma da zarar babban azumin Kirista ya doshi ƙarshe, makon Ista ya kama, sai ta sallami kowa ta ce su je matansu su ciyar da su. Aikinta na gaskiya ya zo.

Hamon ake kawo mata, wato cinyar alade da aka busar cikin gishiri har ta yi tauri kamar itace. Sai ta jiƙa ta a babban baho, tana sauya ruwa safe da yamma har gishirin ya saki. Ranar Asabar ta dafa ta cikin ruwan lemun zaƙi da na kalamansi, ƙananan lemun tsaminmu, da ɗan kanumfari. Ta ɗaye fatar, ta tsattsaga kitsen da bakin wuƙa, ta shafe shi da romon lemun da ya yi kauri, ta tura cikin murhunta na bulo ya gasu. Daga nan ne ake gane gwani. Takan barbaɗa jan sukari, ta ɗauko tsohon dutsen guga na ƙarfe zalla daga kan garwashi, ta danna a jikin naman. Hayaƙi ya tashi, sukari ya narke, ta ɗaga, ta sake barbaɗawa, ta sake dannawa, har naman ya yi ɓawo mai sheƙi wanda wuƙa ke fasawa da ƙara. Ƙamshin kan kai har bakin kasuwa.

To, ga abin da ke ba ni haushi. A ranar Lahadin Ista, ka shiga gidajen garin nan ka ji yadda ake yabon matan gida. Wance ta iya hamon, wance ta gaji kakarta. Su kuma suna murmushi suna cewa, "Ai ba wani abu ba ne, ɗan ƙoƙari ne kawai." Ƙoƙarin wa? Ta lungun baya suke bi su kai wa Aling Sinang cinyar a cikin kwandon wanki, an lulluɓe da tsumma, ranar Asabar da yamma su koma su ɗauko. Suna biyanta haƙƙinta, ban ce ba sa biya ba, amma sunanta ba ya hawa teburin kowa. Ita kuwa ko a jikinta. Na taɓa ganin an gayyace ta cin abinci a wani gida, aka sa mata naman da ita ta goge da hannunta. Ta ci, ta lumshe ido, ta dubi matar gidan ta ce, "Ke kam hannunki da albarka. Me kika sa a ciki?" Matar ta rasa inda za ta sa kanta, miji kuwa sai washe baki yake yi.

Ke ce mai rufin asirin mata, Aling Sinang. Amaryar da ke tsoron surukarta, da wadda ta girma a birni ba ta san kan murhu ba, da wadda aiki ya sha wa kai, duk ke kika fitar da su kunya, kuma ba a taɓa jin sunan ko ɗaya a bakinki ba. Ni ma ba zan faɗi sunan kowa ba, sai na gida ɗaya da suka ce in faɗa.

Bana Aling Sinang ta ce ta daina. Hannunta na dama ya fara rawa, kuma bara dutsen gugar ya kuɓuce mata ya ƙone ta a tsintsiyar hannu. Duk wadda ta leƙo da kwando sai ta ba ta haƙuri.

Ana nan, ranar Laraba ta makon Ista, sai ga Ningning, 'yar Mang Delfin tela, ta shigo rungume da cinya. Mahaifiyarta, Aling Meding, wadda take kira Nanay, ta rasu bayan Kirsimeti, kuma a garin nan ba hamon da ake yabo kamar nata.

"Aling Sinang, wurinki na zo," in ji Ningning.

"Na gani. Amma na rufe shago, 'yar nan."

"Na duba ɗakin girkin Nanay kaf. Babu tukunyar da cinya za ta shiga. Dutsen guga ma na lantarki ne kaɗai."

"Yanzu 'yar sanda kika zama?" Aling Sinang ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Uwarki takan zo mu yi hira, iyakar abin da na sani ke nan."

"Da kwandon wanki take zuwa hirar?"

Ningning ta ajiye cinyar, ta zauna a ƙasa, sai hawaye. Ta ce tun da aka binne uwarta, ubanta bai sake zama a teburin cin abinci ba. A tsaye yake cin 'yar shinkafa, ya koma kan kekensa na ɗinki, duk ya rame. Ya ce bana babu Ista a gidansu, tunda mai yin hamon ta tafi. Ga yayyenta za su zo daga Manila da 'ya'yansu. So take ya ɗanɗani abin da ya saba ci, ko zai zauna cikinsu, amma ba ta son ya gane cewa matar da ya yi shekara da shekaru yana alfahari da hannunta ba ita ke yi ba.

Aling Sinang ta ɗaga hannunta na dama ta nuna mata. "Kin ga wannan? Ko shayi ba ya isa bakina a cike." Ta sauke hannun. "Ba zan yi ba. Ke za ki yi. Ni zan zauna a nan in yi ta yi miki tsiya har ki iya. Tashi ki ɗebo ruwa."

Aka jiƙa cinya. Ranar Alhamis Ningning ta zo ta sauya ruwa. Ranar Jumma'a kuwa, ranar mutuwar Yesu, ba ta zo ba, domin kamar kowa a garin nan ta taso ana ce mata ba a aiki, ba a taɓa wuƙa, rauni ma in an ji a ranar ba ya warkewa. A ganinta sauya ruwa ma aiki ne. Maƙwabciyar Aling Sinang ce ta ba ni labarin abin da ta hango ta kan katanga. Tsohuwa ba ta iya ɗaga bahon, sai ta durƙusa tana kwashe ruwan da ƙaramin kofi, rabi na zubewa a jikinta, ta kwashe tas, ta sake cikawa da kofin. Da maƙwabciyar ta yi mata magana, cewa ta yi, "Gishiri bai san yau Jumma'a ba. Allah kuma ya san dalilina."

Ranar Asabar aka yi ta ta ƙare. Ningning ta matsi lemo har yatsunta suka yi zafi, tsohuwa na daga kan benci tana ba da umarni.

"Ƙara kalamansi. Wannan zaƙin na masu ciwon haƙori ne? Kada ki zurfafa wuƙar, kitse kawai za ki tsaga, ba tiyata kike yi ba."

Da aka zo guga, Ningning ta naɗe hannunta da tsumma ta ɗauko ƙarfen. Dannawar farko ta yi kyau, ta biyu ma haka. A ta gaba hayaƙi ya shiga idonta, ta manta ta ɗaga.

"Ɗaga, 'yar nan, ba rigar makaranta kike gogewa ba."

Kafin ta ɗaga, gefe guda ya yi baƙi. Ningning ta ce a yanke wurin, ko Aling Sinang ta karɓa ta gyara. Tsohuwa ta maƙale hannuwanta a hammata ta ƙi.

"Bar shi. Ki juya wurin ya kalli bango. In ubanki ya tambaya, ki ce ke kika yi, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki."

Ranar Lahadi, bayan an dawo daga coci, jikoki suka jawo Mang Delfin da hannu har bakin tebur. Ya tsaya yana kallon naman. Can ya ja kujera ya zauna, ya miƙa hannu ya juyo farantin, wurin da ya ƙone ya fuskance shi. Ningning ta ce min ji ta yi kamar ta nutse. Aka yanka masa, ya sa a baki, ya daɗe yana tauna.

"Wa ya yi?"

"Ni ce, Tatay," in ji Ningning, don haka take kiran ubanta.

"Na gani. Sinang ba ta ƙona nama."

Tsoho ya goge idonsa da bayan hannu, yana 'yar dariya.

"Uwarku, Allah ya jiƙanta, ƙwai ma sai ta ƙona shi. Tun shekarar farko na sani. Amma da kun lura da fuskarta idan ana yabonta, ku ma ba za ku ce komai ba." Ya tura farantinsa gaba. "Yanko min wurin da ya ƙone. Shi ne na gidan nan."

Ya ci, ya nemi ƙari, kuma tun daga ranar a tebur yake cin abincinsa. Da Ningning ta kai wa Aling Sinang labari, tsohuwa ta buga cinya ta ce, "Kin ji ɗan banzan tela. Duk shekarun nan ina gaishe shi a hanya ina sunkuyar da kai, ashe dariya yake yi min." Daga nan ta juya baya ta hau gyaran gawayin da ba ya buƙatar gyara, ta daɗe ba ta juyo ba.

Mun gode, Aling Sinang. Mun ci daɗin hannunki muna yabon wasu, kika bar mu, don kin fi son a zauna lafiya a gidajenmu da a san ki. Da hannun ya gaza, kin miƙa abin da ke cikinsa ga wadda ta zo miki da kuka. Ina ƙaunarki, kuma ina jin kunyar daɗewar da muka yi ba mu faɗa ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki huta yadda kika hutar da mu.

Ku kuma masu kwandon wanki, kun san kanku. Tana nan da ranta, bakinta bai gaji ba. Ku je ku durƙusa ku koya, ku koya wa na bayanku, kuma in kun ga wata ta gaza ku rufa mata asiri kamar yadda aka rufa muku. Baɗi, idan aka yabi abin da ke kan teburinku, ku faɗi sunanta. Za ta ji haushi, na sani. Ku faɗa duk da haka.