Zabuwar da Aka Watsa wa Tsaba Nesa

Har yau idan na ji ƙamshin masara a kan garwashi, ƙauyenmu Gayam nake komawa, tsakar gidan kakata Iya Lami, bayan an idar da sallar isha'i. Daji daga bayan dangarmu yake farawa. Da duhu ya sauka sai ka ji kamar ya matso kusa, tsuntsayen da ba a ganinsu da rana suna kira daga nesa, ƙwarin nan masu walƙiya a gindi suna kunnawa suna kashewa a kan ciyawa. Mu jikoki muna zagaye da wuta, hayaƙi yana tashi a hankali har ya ɓace cikin taurari.

Iya Lami mahaifiyar babana ce, 'yar Gbagyi, siririya kamar taɓarya. A kafaɗa take ɗauko itace daga daji, ba ta yarda kaya ya taɓa mata kai. Ni kuwa tun ina ƙarama kumatuna cike suke, don haka Lukutata take kirana. Ta ja min kunci, ta ɓare masara mafi taushi ta cusa min a hannu, tana addu'ar Allah ya ƙara tsoka. Idan za ta fara tatsuniya sai ta waiwaya wajen daji ta ce ga ta nan ta fito, da raɓa a ƙafarta. Mu ce ta shigo ta ji ɗumi.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta zabuwar daji. Wai wata zabuwa ce ta ji ciwo a fiffike, wata tsohuwa ta tsince ta a gona ta kawo gida. Ta yi jinyarta har ta warke, ta kuma ƙaunace ta kamar 'yar cikinta. Kullum sai ta zuba mata gero a gindin ƙafarta, ta ƙara da gyaɗa. Maƙwabta ma kowa ya zubo nasa, ita kuma zabuwa mai kunya ce, ba ta iya ƙin abin hannun mutum. Ta yi ɓulɓul, gashinta yana sheƙi, duk wanda ya gan ta sai ya yaba wa tsohuwa da iya riƙo.

A nan muryar Iya take yin ƙasa. Zabin daji a kan bishiya suke kwana. Wata magariba 'yan'uwanta suka wuce ta saman gidan suna kiranta, suka sauka a kan wata doguwar ɗorawa. Ta buɗe fiffike, ta yi tsalle, ta faɗo tim. A bayan rumbu kuwa idanun muzuru suna ƙyalli.

"To me tsohuwa ta yi?" in ji Iya, tana tona wuta da kara. "Gari ya waye, ta ɗebo gero, ta wuce zabuwa kamar ba ta gan ta ba, ta watsa shi can bakin danga. Gobe ta watsa a bayan danga. Jibi a bakin rafi."

Haka dai, kullum tsabar tana ƙara nisa tana raguwa, zabuwa tana bi tana haki tana tsinuwa, har ranar da ta ɗaga kai ta ga tana gindin ɗorawar, ta buga fiffike sau ɗaya ta hau. Daga nan tatsuniya ta koma daji abinta. Mu dai haushin tsohuwar muke ji. Na sha cewa muguwa ce, rowa ce ta kama ta. Iya ta yi dariya kawai ta ƙara min masara. Mahaifiyata, Inna, tana can gefen murhu tana wanke kwanoni, ba ta taɓa sa baki ba.

Shekaru suka ja. Iya ta rasu, dajin ya zama wurin da ba a shiga, gidanmu ya dawo cikin garin Birnin Gwari. Ni aure ya kai ni Kaduna, na zauna a gaban keken ɗinki daga safe har yamma. Duk haihuwa da kunun kanwarta da naman jegonta, kuma abin da ya hau jiki bai sauka ba. Ga taliya, ga soye-soye, ga lemon kwalba mai sanyi a ƙofar shago, ko bakin titi zan je sai na tare Keke Napep. Idan na zo gida mata su yi ta shafa min damtse suna cewa lallai maigida yana kula da ni. Wallahi daɗi nake ji.

Gwiwoyina ne suka fara ƙi. Sai hawan jini, sai ciwon suga. A layin asibiti na duba dama da hagu, duk irina ne, matan da iyayensu suka tsufa suna zuwa gona a ƙafa. Na sha wani shayin rage ƙiba da ake tallarsa a kasuwa, ban samu komai ba sai zawo da jiri. Likita ta ce babu wata gajeriyar hanya: in sha maganina, in rage mai da zaƙi da yawan tuwo, in riƙa tafiya kullum. Amma abin da ya fi ci min rai, wanda ban gaya wa kowa ba, shi ne na daina sujada. A kan kujerar roba nake salla, goshina ya daɗe bai taɓa ƙasa ba.

Da na je ganin Inna, ta cika min kwano da tuwon shinkafa, man shanu yana yawo a kan miya. Na ɗan taɓa na ture. Ranta ya ɓaci sosai. Ta tambaye ni ko mun yi faɗa da maigida ne, ko wani abu aka yi min, ta ce me mutane za su ce idan na zo gidan uwata na koma a rame. Na yi bayanin likita, ta ce likita ba ita ta haife ni ba. Aka kira magariba. Ita da furfurarta ta hau tabarma ta duƙa ta tashi, ni na jawo kujera a bayanta. Da ta yi sallama ta waiwayo, ta daɗe tana kallon kujerar.

Da safe babu karin kumallo. Ta ce kokona yana gidan ƙanwarta Hajara, can bayan kasuwa, ta aika da shi tun asuba, kuma kada in kuskura in hau babur. Na tafi ina haki ina mita, na tarar da ɗan kofi, ko sukari babu. Washegari gidan wata ƙawarta ne, gaba da makarantar firamare. Na dawo zufa har cikin ido, na zube a zaure, sai abin ya faɗo min.

"Inna, zabuwa kika mai da ni?"

Tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. "Ita ma tsohuwar kuka take yi tana watsawa," ta ce. "Iya ce ba ta gaya muku ba."

Na koma Kaduna na ci gaba da bin tsabar da kaina, kullum bayan asuba, har wasu maƙwabtana biyu suka shigo layi. Ban zama siririya ba, kuma har yanzu ina shan magani. Amma wata la'asar ta damina, ruwa yana sauka a kan kwano, na ture kujerar na gwada. Gwiwa ta yi ƙara, ta yarda. Goshina ya sauka a kan tabarma, na ji sanyinta da ƙamshin kaba, na yi ta kuka ban so in ɗago ba.

Na kira Inna na gaya mata. Ta yi hamdala, ina jin tana jan hanci. Can ta ce, "To, kin dai ci abinci ko?"