Hannun Ɗan Fari

Ɗana na fari ba na kiran sunansa, kuma ba na zama in yi doguwar magana da shi. Haka na taso na ga ubana yana yi da yayana tun muna Sudan, haka ni ma na ci gaba a Jidda. In ina da magana a kansa, sai in faɗe ta a gaban mahaifiyata, Hajiya, ina kallon wani wuri dabam. Ita za ta kai masa. In shi ma yana da tasa, sai ya zauna kusa da ita ya ɗaga murya daidai yadda zan ji daga ɗaki. Uwarsa ma kunyarsa take ji, don haka aikin duk ya faɗa kan Hajiya. Tun yana rarrafe muke haka, kuma gida yana tafiya daidai.

A unguwar Karantina ya koyi jifa, kafin a rushe ta. Akwai wani fili bayan garejin manyan motoci inda wasu ma'aikata 'yan Filifin suke taruwa ranar Juma'a suna wasan da ake kira besbol. Mutum ɗaya yana jefa ƙwallo mai tauri, girman lemon zaƙi, wani kuma yana tsaye da kulki yana neman ya doke ta. Yaron ya yi ta tsayawa kallo har suka ba shi ya gwada, suka ga ba mai iya dukan jifansa. Ni ban ɗauki abin a bakin komai ba. Sai bayan mun koma unguwar Madain Fahd, wata kwaleji mai ƙungiyar wasan ta ɗauke shi karatu kyauta saboda hannun nan, sannan na fara kula. Muddin ɗalibi ne, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, tana ƙarƙashin tawa. Ran da karatu ya tsaya, sai ya nemi kafilin kansa, ɗan ƙasa da zai tsaya masa, ko kuwa a ce ya koma ƙasar da bai taɓa takawa ba. Zamansa a garin da aka haife shi ya rataya a gwiwar hannunsa ta dama.

Makon da ya fara kwalejin, ya zauna gefen tabarmar Hajiya ya ɗaga murya.

"Tsohuwa, ki buɗe kunne, kocinmu ya ce in faɗa wa mutanen gida. Ranar da na yi jifa, ƙanƙara a gwiwar hannu da kafaɗa. Washegari ba na taɓa ƙwallo, mamnu', sai ɗan gudu. Daga nan jan roba don ƙarfafa hannu. Daga nan jifa a hankali, kusa-kusa. Sai na kwana huɗu kafin in sake shiga wasa."

"Ji ragon miji," in ji Hajiya. "Na yi daka tun ina 'yar yarinya har na ga jika, wa ya taɓa sa min ƙanƙara? Da na sani da ban aure ka ba."

"Ke taɓaryarki tana gudu kamar mota a titin Makka ne, amarya? Jijiyar nan siririya ce. In ta gaji ba a bar ta ta huta ba, yagewa take yi, halas."

Ina ɗaki ina ji. Tsarin ya kwanta mini, domin ni direban tirela ne, na san abin da ke samun injin da aka hana shi hucewa. Daga ranar na ɗauki tsarin a kaina. Da farko na ce a gaban Hajiya kada wanda ya ƙara aiken yaron nan ɗauko tukunyar gas ko galan ɗin ruwa. Sannan na ce a keɓe masa aljihu ɗaya a firiza don ƙanƙara, kada in ga kifi a ciki. Ranar jan roba kuwa, in ban ji motsin robar a jikin ƙofa ba, sai in tambayi bango ko yau wace rana ce. Hajiya ta miƙe da ƙyar ta je ta kai saƙo.

Kamfanin da nake yi wa tuƙi na kafilina ne, dattijon da na daɗe a ƙarƙashinsa. Ya tsufa, ɗansa ne ke riƙe da ofis yanzu. Ɗan ya yi karatu a Amurka, ya dawo da son wannan wasa, har ya haɗa ƙungiya daga cikin ma'aikata. Wata Laraba na dawo da kaya daga tashar jirgin ruwa aka ce yana nemana.

"Ya ammi, baffana, ashe zakin nan ɗanka ne ka ɓoye mana? Juma'a muna da wasa da wani kamfani. Sun ci mu, sun sake cin mu, yanzu ko ido ba na iya haɗawa da mudirinsu, manajan nasu. Yalla, ka aro mana shi."

Na ce, "Allah ya ja da ranka, gobe Alhamis zai yi wa kwalejinsu jifa. Juma'a ranar hutunsa ce. Ba zai yiwu ba."

Tun da na shiga gidan nan ban taɓa ce musu a'a ba. Na ji kalmar ta fita. Ya yi dariya.

"Hutu? Saurayi kamar wannan? Kai da furfurarka kana zuwa Yanbu ka dawo ba ka ce hutu ba. Ma fi mushkila, ba damuwa, ya ammi, yadda ka so."

Ina bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Af, iƙamarku ta kusa ƙarewa, ko? Ka riƙa tuna min, aiki ya yi yawa kwanan nan." Har yau ban san ko da manufa ya faɗa ba, ko kuwa tunawa ya yi kawai.

Na iso gida na tarar da Hajiya tana tsinkar ganyen mulukiya a tire. Na zauna na faɗa mata duk yadda aka yi, tun daga farko. Maganar iƙamar nan na maimaita ta, don ita ce ta tsaya mini a wuya. Hajiya ba ta ɗago ba. Ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tsinka.

Alhamis ya yi dogon jifa, suka ci, ya dawo ya sa ƙanƙara yadda aka tsara. Juma'a bayan la'asar na tafi ta'aziyya unguwar Sa'alaba. Da na dawo ba ya gida, Hajiya ta ce ya fita da abokai. Ban ga laifi ba, ranar hutu ba ranar kulle ba ce.

Asabar, a sallar azahar a masallacin unguwa, sahuna ya faɗo bayan nasa. Liman ya yi kabbara. Hannunsa na hagu ya hau har kunne, na dama ya tsaya a ƙirji. Da aka je sujada ya fara kai hagu ƙasa, ya naɗe dama a jikin haƙarƙari, bai dogara da shi ba ko kaɗan. Ban san abin da na karanta a sauran raka'o'in ba.

A gida aka shimfiɗa sufurar cin abinci, aka kawo shinkafa. Ya ɗauki cokali da hagu.

"Kai," na ce.

Ƙannensa suka tsaya da tauna. Uwarsa ta tashi ta shiga kicin. Ba su taɓa jin na fuskance shi haka ba.

"Miƙe hannun nan."

Ya fara miƙewa, ya kai rabi ya tsaya. Gumi ya tsatsafo masa a goshi duk da mukayyif yana hura sanyi.

"Ina ka je jiya?"

"Filin kamfani, Baba."

"Wa ya aike ka?"

Ya kalli kakarsa. Hajiya ta ajiye lomar da ke hannunta.

"Ni na gaya masa. Ba don a gaya masa ka faɗa ba?"

Ban ce ta kai ba. Amma tun da aka haifi yaron ban taɓa buɗe baki na ce ta kai wani saƙo ba, kuma duk ta kai. Duk abin da na faɗa a gabanta da ya shafe shi, nasa ne. Ba ta da hanyar gane cewa wannan ɗaya nata ne ita kaɗai.

"Na ɗauka abin da kake so ke nan, bas dai kawai ba za ka iya faɗa ba," in ji shi, kansa a ƙasa. "Na ce jifa kaɗan ne in dawo. Sai muka shiga gaba, kowa yana ihu, suka ƙi cire ni. Can wajen ƙarshe na ji wani abu ya yi ɗas a nan."

"Ka tsaya?"

"Na ƙarasa."

Hajiya ta ce a dafa ruwa a gasa, a kira mai ɗorin nan da muka sani tun Karantina ya ja hannun. Na ce ba wanda zai ja komai. Na ɗauki mukullin mota na ce ya taso, kuma wannan ne karo na farko da muka zauna mu biyu kaɗai a mota tun yana makarantar firamare. Muka nufi asibiti.

Aka ɗauki hoto. Likita ya nuna mana wani farin zare a allo, ya ce jijiyar ta yage amma ba ta rabu ba. Za a ɗaure hannun, sannan a yi watanni ba jifa. In ta haɗe, to. In ba ta haɗe ba sai aiki, kuma ko an yi aikin ba ya alkawarin ƙarfin zai dawo yadda yake. Kocin ya zo ya same mu a can, wani dattijo baƙi kamarmu daga wata ƙasa mai nisa. Ranar na fara ganinsa. Bai yi faɗa ba. Ya sa yaron ya fassara mini tambaya ɗaya, ko akwai wanda bai san maganar hutun ba a gida. Na ce kowa ya sani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya dafa kan yaron ya fita.

Kwalejin ta ce za ta riƙe shi zuwa ƙarshen shekara, daga nan a ga abin da hannu ya ce. Iƙamarmu an sabunta ta a lokacinta, ba wanda ya ja rai. Ɗan kafili ya aiko da kwalin dabino, ya tare ni a get yana tambaya yaushe zaki zai dawo fili. Na ce yana hutu. Na shiga mota.

Hajiya ta daina kiransa rago. Ita ke ɗauko ƙanƙarar yanzu, ta naɗe ta a tawul, ta zauna ta riƙe masa har yatsunta su sandare. Shi ne ke tsokanarta, ita kuwa sai ta ce bar ni. Ni kuma na koma faɗa masa magana da bakina. Ba ta fita da kyau. Sai in tsaya a ƙofar ɗakinsa in ce yau roba, in juya da sauri. Sunan dai har yanzu ban kira ba.

A makon jiya kocin ya ce a fara gwada jifa a hankali, kusa-kusa, kuma da zarar an ji zafi a tsaya. Bayan sallar asuba muka sauka lungun da ke bayan gininmu, kafin rana ta yi zafi. Ya ba ni babbar safar fatar da ake cafe ƙwallo da ita, ya nuna mini yadda ake sa yatsu. Na ja baya kaɗan na tsaya kusa da tankin ruwa. Ya juya kafaɗa, ya jefo a hankali. Fuskarsa nake kallo, don haka ƙwallon ta wuce safar ta buge ni a ƙirji ta faɗi.

"Baba, ƙwallon ake kallo."

"Da zafi?"

"La, ma fi, babu."

Na sunkuya na ɗauki ƙwallon. Ban mayar masa ba.

"Na ce da zafi?"

Ya taɓa cikin gwiwar hannun da babban yatsa, ya kalli saman bene inda Hajiya take leƙowa ta taga.

"Ba ita nake tambaya ba. Ni za ka gaya wa."

"Kaɗan," in ji shi.

Na sa ƙwallon a aljihun jallabiya. Na ce halas, na yau ya isa, gobe hutu, jibi mu kira koci.  Muka hau bene, yana gaba ina baya, yana riƙe da ƙarfen matakala da hannun hagu.