Buhu Ɗaya Cikin Goma

Shekara bakwai ke nan da muka binne Dogara Yohanna a bayan majami'ar ƙauyenmu, can gefen Kwoi. Tare muka yi firamare, tare muka shiga makarantar horon malamai. Ni na zauna a koyarwa har aka kawo ni Kafanchan, shi kuwa ya ajiye alli ya koma gonar citta. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yanzu da nake jin ana gardama a rediyo kan ko ya dace hukuma ta ɗebi wani abu daga dukiyar mamaci don ayyukan jama'a. Mu mun yi wannan gardamar tuni a ƙauye, kuma Dogara ne ya tayar da ita.

Matarsa ta fari, Hannatu, a hanya ta rasu. Naƙuda ta yi mata tsanani, aka ɗauko ta a kan gadon kara za a kai ta bakin titi, ba a kai ba. Bayan an share makoki, Dogara ya tsaya a taron ƙungiyar ci gaban ƙauye ya ce a gina ɗakin haihuwa, a ɗauko ungozoma mai horo. Aka tambaye shi ina kuɗin. Ya ce duk magidancin da ya mutu, a fitar da buhu ɗaya cikin goma na cittar da ya bari.

"Mai rai kullum zai ce muku sai baɗi," in ji shi. "Wanda ya tafi wurin Ubangiji kuma me zai yi da citta?"

Dattawa sun yi gunaguni, wasu suka ce wannan cin gadon marayu ne, amma aka amince. Ni ne sakatare, da hannuna na rubuta dokar. Cikin shekara uku ɗaki ya tsaya, ciki biyu da rufin kwano. Ungozoma ta zo, mata suka daina mutuwa a hanya.

Bayan shekaru, sai Dogara ya kwanta ciwo da kaka, cikin sati biyu ya rasu. Ya bar Saratu, wadda ya aura bayan Hannatu, da yara huɗu da buhu goma cif. Ni aka aika in karɓo na ƙungiya. Na tarar da ita tana tsaga citta a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, ka zo ɗauka?"

Na ce dokar mijinta ce, ba tawa ba.

"Na sani. Ga shi can bakin ƙofa, tun jiya na ware."

Daga baya na ji cewa da wannan buhun aka yi niyyar cika kuɗin makarantar babbar 'yarsu, Rifkatu, wadda ta ci jarrabawar sakandare. Aka ce ta dakata sai baɗi. Ba ta tafi ba har yau. Ɗinki take yi a kusa da tashar jirgi a nan Kafanchan, in ta gan ni sai ta rusuna ta ce, "Sannu, Baba." Ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Dokar tana da wata ɓaraka da Dogara bai hango ba. Citta kawai ta ambata. Wani attajirinmu ya mutu ya bar motocin kaya biyu da gidan haya a gari, 'ya'yansa suka kawo rabin buhu suka ce abin da ke rumbu ke nan. Wasu kuma da sun ga ciwon tsoho ya fara nauyi sai su kwashe buhuna zuwa gidan surukai. Aka bar masu tsoron Allah da marasa wayo suna biya.

Saboda haka da samarinmu ma'aikatan gwamnati suka zo hutun Kirsimeti bara waccan suka ce a soke dokar, sun sami masu saurare. Suka ce yanzu akwai kuɗin mai, an ba da firamare kyauta, asibiti ma yana tafe. Wani dattijo ya roƙa a gyara dokar ta haɗa da mota da gida, aka shashantar da shi. Da aka zo ɗaga hannu, na tuna Rifkatu, na ɗaga nawa tare da masu sokewa.

Ungozoma ta yi wata biyar ba albashi, ta tafi. Ɗakin yana kulle, awaki ke kwana a barandarsa. A watan jiya matar ɗan wana ta kama naƙuda, aka ɗora ta a babur. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Ina yawan tambayar kaina me Dogara zai ce. Na san ba zai tsaya zagin samarin ba. Zai tambaye mu ne wa muka sa ya biya bayan mun sauke wa matattu. Ni ma ina da tambayar da zan yi masa a kan 'yarsa, ban san ko shi yana da amsa ba.

Ranar Lahadi na je na gaya wa Saratu zan rubuta wannan. Ta ce, "Ka rubuta na bayar. Kada ka rubuta na ji daɗi." Da na miƙe zan tafi ta ƙara da cewa, "Amma jikokina biyu a ɗakin nan aka haife su, Malam. Shi ma ka sa."

Na sa duka biyun. Abin da ya rage na Dogara ke nan: yaran da ke gudu a ƙauye yau waɗanda da ba su rayu ba, da 'yarsa a kan keken ɗinki, da ɗakin da ni amininsa na taimaka aka rufe.