Ruwan Bayan Gajimare

Na manta sunayen malamai da yawa da suka koyar da ni a Lyon, na manta lambar ɗakina, amma safiyar da na hau sama a jirgin da wani tsoho ya ƙera da hannunsa ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah. Ko yanzu da nake aiki a Paris, in na ɗaga kai na ga gajimare ya taru, sai in ji sanyin ranar ya kama mini yatsu.

Daga Maradi na zo karatun injiniya. Ina zaune a Vaulx-en-Velin, a wani ɗaki da in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Matar tsohon na fara sani, a wajen wani suna a Rillieux-la-Pape. Da ta ji abin da nake karantawa sai ta damƙe hannuna ta ce, “Alhamdu lillahi! Zo ki ga mutumin gidana, ko ke ya ji maganarki. Shekara goma sha ɗaya yana ƙirar jirgi, ni ko kujerata da ta karye bai gyara ba.”

Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Mutumin Damagaram ne, bakanike tun yana saurayi, ya ajiye aiki a garejin motocin haya na Lyon. Jirgin yana cikin wata rumfa a wani ƙaramin filin jirage a bayan gari. Fari ne, mai kujera biyu. Injinsa daga wata tsohuwar mota ya ciro shi, irin wanda ba shi da fistan. Ya buɗe mini wani mataccen inji irinsa don in ga cikinsa: ƙarfe ne mai kusurwa uku, yana juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Ba shi da nauyi, ba ya jijjiga, sai dai zafi gare shi kamar murhun mai ƙosai.

Jirgin ya riga ya sha tashi, ya gama duk gwajin da hukuma ta nema. Damuwar ita ce, da zarar ya yi nisa a sama, inda iska ba ta da kauri, sai injin ya fara haki, ya ƙi ƙara hawa. Shi kuwa Baba so yake ya wuce gajimaren da ke taruwa wajen duwatsun gabas. Na tambaye shi me ya ajiye a can.

“Ubana manomi ne,” ya ce. “Ya ƙare rayuwa tai yana kallon cikin gajimare, yana roƙon ya zubo. Bai taɓa ganin bayanshi ba. Ni ina so in gani.”

Na ce ai ya sha ganinsa ta tagar babban jirgi in zai je gida. Ya harare ni. “Wannan kai ni anka yi, kamar buhun hatsi. So nike in kai kaina.”

Lokaci kuma ya ƙure masa. Idonsa ya fara rauni, likita ya faɗa masa ba zai sabunta masa takardar lafiya ta tuƙin jirgi ba in ta ƙare a ƙarshen watan Oktoba. In bai hau kafin nan ba, shi ke nan.

Maganin hakin injin shi ne kwamfaresa, wata na'ura da injin kansa yake juyawa, ita kuma tana cusa masa iska da ƙarfi, kamar zuga-zugin maƙeri. Ni na je har Bobigny na ɗauko ta wajen wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci. Na dawo da ita a jirgin ƙasa, a kan cinyata, na lulluɓe ta da zane, mutane sai leƙe suke yi ko jariri ne. Daga nan kowace Asabar sai in shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in kama bus, in ƙarasa da ƙafa. Ni ce mai lissafi, shi ne mai kunne. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido, ya ce, “Injiniya, takardarki ta ce lahiya lau, amma shi bai ce haka ba.” Ina jin haushi, amma sau da yawa shi ne da gaskiya.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa yin gardama a kansa ba: tsoron zafi. Iska in an matse ta zafi take yi, injin kuma dama mai zafi ne. Baba ya ga motoci ba iyaka sun tafasa a hanyar Agadez, ni kuma na tashi a garin da ƙarfen ƙofa yake ƙona hannu da azahar. Muka sa manyan radiyater masu sanyaya inji har uku, na ruwa da na mai da na iskar da za ta shiga injin. A zanena na sa wata 'yar ƙofa da za a iya rufewa daga cikin jirgi don a rage musu iska, saboda haka littafi ya ce. Baba ya dube ta ya yi dariya, ya ɗauko waya ya ɗaure ta a buɗe. “Wa ya taɓa ruhe wa moteur iska?” Na bar shi a haka, don duk lissafina a kan rana mai zafi na yi shi.

Akwai wani tsohon Bafaranshe mai jirgi a rumfar da ke kusa da tamu. Ya zo ya tsaya yana kallon wayar nan, ya sosa gemu, ya ce, “Et le froid?” Wato, sanyi fa? Ni da Baba muka dubi juna muka tuntsire da dariya. Baba ya ce da ni da Hausa, “Ji Nasara! Sanyi ai magani ne.” Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya koma wajen aikinsa.

Mun tashi wata safiya a tsakiyar Oktoba. Hajiya, matarsa, ta ƙi zuwa, ta ce tana kan darduma har mu dawo. Baba ya dafe hularsa da abin sauraro, muka yi addu'ar hawa, jirgin ya ruga a kan titin filin, sai na ji ƙasa ta sake mu. Dogayen gidajen unguwarmu suka koma kamar ƙwayoyin sukari, kogi ya zama zare. Muka nufi wata babbar kafa a tsakanin gajimare, muna hawa muna zagayawa.

“Karanta mini allurai, Injiniya,” ya ce. “Ƙananan lambobin nan rawa su kai mini.”

Ina karantawa. Muka iso inda injin ya saba haki. Allurar ƙarfin iska ba ta motsa ba. Injin ya ci gaba da kukansa mai laushi kamar bai san an bar ƙasa ba. Gajimare yana gefenmu kamar katanga, toka-toka, muna binsa, muna binsa, sai kawai katangar ta ƙare.

Na sha ƙoƙarin faɗa wa mutane abin da na gani, ban taɓa iyawa ba. Fili ne fari fat, ba iyaka, mai tudu da kwari, kamar an baje audugar duniya duka a rana. Can nesa kawunan duwatsu sun ɓullo, farare su ma, ba abin da ya riƙe su. Ba gari, ba hanya, ba tsuntsu. Na daina jin muna tafiya, sai na ga kamar mun tsaya ne, farin yana ratsawa ta ƙarƙashinmu a hankali. Inuwar jirginmu tana bin mu a kansa, 'yar ƙarama, da bakan gizo ya kewaye ta. Na tuna gida, na tuna kakata tana taɓin auduga a zaure, har na ji kamar in na buɗe ƙofa zan taka in tafi wajenta.

Na juya wajen Baba. Hawaye ya gangaro masa har gemu. “Ashe bayanshi hwari ne,” ya ce a hankali. “Mu baƙinshi kaɗai munka sani.” Na gane ba da ni yake ba.

Sai injin ya yi tari.

Ya sake yi, jirgin ya girgiza. Baba ya ce, “Zahi ne?” Na duba allurar zafin injin. Tun da muka tashi, gefen ja kawai nake tsaro, ina murna allura ba ta kusance shi ba. Ban lura ta sulale har ƙasa ba. Injin ya yi sanyi fiye da kima, raɓar da muka kwaso a gefen gajimare ta daskare a maƙogwaronsa, ƙanƙara tana toshe masa numfashi. Sai a lokacin na ji yatsuna sun ƙage.

“Baba, sanyi ne. A rufe ƙofar nan.”

Na faɗa kafin in tuna da wayar. Ya dube ni, na dube shi. Ya yi 'yar gajeriyar dariya. “Nasara ya hwaɗi,” ya ce.

Bai ruɗe ba, ni ce na ruɗe, duk addu'ar da ta zo bakina yi nake. Ya juya jirgin wajen kafar da muka shigo, ya sunkuyar da hancinsa. Kafin farin nan ya ɓace mana, na ga ya waiwaya ya dube shi sau ɗaya. Muka yi ta gangarowa, injin yana kamawa yana saki, Baba yana lallaɓa shi da hannu ɗaya, idonsa yana neman gonar da za mu sauka in injin ya mutu. Da muka shigo iska mai ɗumi sai injin ya yi wani babban tari, ya share murya, ya kama sosai. Da tayoyinmu suka taɓa ƙasa, kuka na fashe da shi, ba kunya.

Muka buɗe murfin injin. Ƙanƙarar ta narke, ruwa yana ɗiga daga bututun iska. Baba ya tara tafin hannunsa har ya taru, ya shafe fuskarsa da shi, ya ɗiga mini saura a nawa. “Ruwan bayan gajimare ne, ɗiyata,” ya ce. “Tsohona ya yi ta jiranshi. Ni na tahi na ɗebo.”

Bafaranshen nan ya zo, ya miƙa masa filaya. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yanke wayar da kansa. Mun gyara komai a makon, amma sama ta rufe, aka yi ta ruwa har wata ya ƙare, takardar ta mutu. Bai sake tashi ba. Zamanmu a can sama bai kai minti huɗu ba, kuma ban taɓa jin ya ce sun yi masa kaɗan ba. Da na je gaishe su bayan nan, na tarar ya gyara wa Hajiya kujerarta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutum abin da ya tsorata shi a gida yake yi wa shiri, ko da ya bar gida da daɗewa, abin da zai kayar da shi kuwa ta inda bai saba dubawa ba yake zuwa. Tun daga ranar, in ɗan gari ya yi mini tambayar da ta ba ni dariya, sai in haɗiye dariyar in ce ya sake faɗa. Kuma duk injin da aka kawo gabana, nakan fara duba gefen allurar da ba na tsoro.