Allon da Inna Ta Wanke

Ranar Laraba ce, sati biyu bayan Babbar Sallah, ina da shekara tara. Na dawo daga kai wa baƙin Baba tuwo gab da magariba, faranti a kaina, na tarar da Inna zaune a bakin ɗakinta da ƙwarya a hannu, tana wani murmushi da ban saba gani a fuskarta ba. A gefenta an jingine allona na makarantar boko, ɗan baƙin allon nan mai katako a gefe, yana ɗigar ruwa. Lissafi ashirin Tica ta sa muka kwafa a kansa da alli, goma gaba goma baya, mu yi a gida mu kai da safe. Tun daga makaranta na riƙo shi ta gefe-gefe don kada gumin hannuna ya taɓa rubutun. Ga shi yanzu an wanke shi tas. Inna ta miƙo min ƙwaryar, ruwan ciki fari-fari kamar na wankin shinkafa, ta ce, "Yi bisimilla ki shanye, Asabe. Allah ya buɗa miki."

Ni ban iya rubutu ba. 'Yata Rabi ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na ce ta sa shi yadda ya fito daga bakina, ko da ta ga ina kuka kada ta tsaya.

A Sabo aka haife ni, nan Ibadan. Baba ɗaurin goro yake yi. Zaurenmu kullum cike yake da huhu da ganye da fatake 'yan Arewa, wasu su kwana uku wasu su yi wata, kuma duk bakin nan Inna ce ke ciyar da shi daga cikin gida, don ba ta fita. Ni ce ƙafarta. Da asuba na ɗebo ruwa a famfon unguwa, na kai tallar waina, sannan na sa rigar makaranta na ruga. In an tashi da rana na dawo na wanke kwanuka, bayan azahar makarantar allo har la'asar sakaliya, daga nan kuma tuwo. Wasa sai dai a sata. A layin famfo muke buga carabke da duwatsu kafin bokitinmu ya zo, wani lokaci mu zana 'yar gala-gala a bayan masallaci har wani dattijo ya kore mu. Duk da haka ina son bokon nan kamar me. Ina son ƙamshin allo in an goge shi da gawayi da ɗanyen ganye, ina son yadda muke rera ƙidaya gaba ɗaya, kuma na fara gane haruffa a jikin motocin da ke wucewa ta unguwar Mokola.

Ba da son ransa Baba ya sa ni ba. Wani abokin cinikinsa ne ya dame shi da maganar, ya ce makaranta kyauta ce, kuma gidan goro yana bukatar wanda zai duba takardar kaya ta jirgin ƙasa. Ranar da zai kai ni ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Na yarda. Amma ranar da makarantar nan ta taɓa mutuncin gidana, ranar kin bar ta." Baba ba ya maimaita magana. Na riƙe wannan a zuciyata fiye da duk abin da aka koya min.

Ticar ajinmu na biyu wata mata ce da muke kira Mai Lema, don ko rana ko ruwa da lemarta take tafe, kuma da ita take nuna wanda za a daka. Ita ce ta fito da aikin gida mai yawa haka. Kullum kafin a tashi sai ta ce da Yarbanci, "Ku gaya wa iyayenku su zauna da ku. Yaron da uwarsa ba ta taimaka masa ba, ba shi da uwa." Yaran da ubanninsu akawu ne suna kawo nasu cif. Mu 'yan Sabo huɗu ne a ajin, mu ne kullum a durƙushe a gaban allo. Na gaji da duka, sai ranar Larabar nan na faɗa wa Inna abin da Tica ke cewa, na ajiye allon, na ɗauki tuwo na fita.

Inna ba ta san wani allo ba sai na Alƙur'ani. A saninta, in ana so karatu ya zauna wa yaro, wanke rubutun ake yi a ba shi ya sha. An ce ta taimaka, ta taimaka da abin da ta sani. Har zuma ta ɗiga a ciki, wadda take ɓoyo don tarin Baba. Na tsaya ina kallon allon, na san abin da ke jirana gobe. Amma na dubi fuskarta, na ga yadda ta ji daɗi yau ta yi min wani abu na makaranta, sai na karɓa na shanye. Alli da zuma. Har yau in na tuna sai na ji shi a maƙogwarona.

Da safe, da a ce na ce ruwan sama ne ya goge, bulala shida ce a wuce wurin. Ban saba yi wa babba ƙarya ba, na faɗi gaskiya. Mai Lema ta kwashe da dariya har tana dafa tebur. Ta kira ticar ajin kusa ta zo ta ji. Ta tsayar da ni a kan benci, ta sa aka kawo kofi, ta wanke allon wani yaro a ciki, ta ce na nuna wa aji yadda 'yan Gambari ke karatu, don haka Yarbawa ke kiranmu. Na ƙi. Ta ɗaga lemar. Na sha. Sai ta juya ga yara ta ce, "Ku ga 'yar akuya. Uwarta tana zaune a ɗaka tana cin takarda." Duk aji aka yi dariya, ban da Risikatu da muke benci ɗaya, ita ta sunkuyar da kai. Hukuncina shi ne lissafi arba'in maimakon ashirin, da cika randar aji kullum da sassafe har wata guda. Ta kuma ba ni takarda, wai uwata ta zo da ƙafarta.

Takardar nan a kwata na jefa ta. Inna ba za ta fita ba, kuma in Baba ya ji na san ƙarshen zancen. Don haka na haɗiye. Kullum a tambaye ni ina uwata, kullum a dake ni, na dawo gida na ce lafiya lau. Na koyi yin lissafi a tsaye a layin famfo, allo a kan murfin bokiti. Ashe sauran 'yan Sabo uku sun kai labari gidajensu, labari kuwa ya bi masu sayen waina ya shigo har tsakar gidanmu.

Wata ranar Asabar ina tsince shinkafa, Inna ta zo ta zauna kusa da ni. Can ta ce, "Ashe ɓata miki na yi." Na ce a'a. Ta ce, "Ki yafe min. Ban sani ba ne." Matar da ke ciyar da mutum talatin a rana, wadda ko a duhu ta taɓa goro ta san na wane gari ne, ita ce ke roƙon 'yarta mai shekara tara gafara. Daga ranar ba ta ƙara tambayata makaranta ba. In ta zo shara ta ga allona a ƙasa sai ta kewaye shi, ba ta taɓawa. Dukan da na sha duk bai ƙona ni kamar wannan kewayewar ba. A nan na ƙulla abin da na ƙulla.

Ban jima ina jira ba. Aka ce sufeton makarantu zai zo ranar Alhamis. Kwana uku Mai Lema ta yi tana cika babban allon bango da alli mai launi, ja da shuɗi da rawaya, da zanen kifi da agogo da jerin lissafi, har ta hana a buɗe taga don kada iska ta taɓa. Ranar Laraba ta karɓe allunanmu duka, ta zauna ta gyara amsoshin da hannunta, ta jera su a jikin bango don sufeto ya ga yadda aikin gida ke tafiya a ajinta. Ƙofar ajin da waya ake ɗaure ta. Ni kuwa, saboda hukuncin da ita ta ɗora min, ni ce ke fara shiga.

Na zo da bokitina cike da wani tsohon ɗankwali. Da babban allon na fara, na hau benci na wanke shi daga sama har ƙasa, ina kallon ja da shuɗi suna gangarowa. Sannan na bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, na mayar da kowanne inda yake. Na koma famfo na cika mata randarta, don kada a ce ban yi aikina ba. Na zauna a wurina na naɗe hannu.

Rabi, rubuta wannan da kyau. Na ga fuskarta lokacin da ta shigo. Lemar ta faɗi daga hannunta ba ta ma sani ba. Ta ɗauki alli ta fara rubutu a kan jiƙaƙƙen allo, alli ya ƙi kamawa, ta goge da gefen zaninta, ta sake. A haka sufeto ya same ta, shi da hedimasta. Matar da muryarta ke kaiwa titi ta koma "Sa, Sa" kamar wadda aka kama da kayan sata. Sufeton ya ɗauki allo ɗaya ya juya, ya ɗauki wani, ya dube ta. Ban taɓa jin sanyi a raina kamar na wannan safiyar ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yi nadama ba. Da hedimasta ya tambayi wanda ya yi, ban bari an daki kowa ba, na miƙe na ce ni ce.

Aka aika kiran Baba. Hedimastan mutumin kirki ne, ya so a yi bulala a bar maganar, sai ya tambaye ni dalili a gaban Baba. Na faɗi komai, da kofin, da akuyar. Baba ya saurara har na gama. Bai dubi Mai Lema ba ko sau ɗaya. Ya yi wa hedimasta godiya, ya kama hannuna muka fito. Bai dake ni ba, bai yi faɗa ba. Sai da muka shigo Sabo ya ce, "Kin gama." Mai Lema kuwa ba abin da ya same ta. Na sha ganinta tana wucewa da lemarta ina talla, daga baya ma na ji an ƙara mata girma. Haruffan da na fara ganewa suka zube ɗaya bayan ɗaya, har na daina ɗaga kai in mota ta wuce.

Allah ya rufa min asiri da mijina, Malam Sani. Shekara arba'in da takwas shi ne idona. Katin asibiti, wasiƙa, takardar sakamakon yara, shi ke dubawa, kuma bai taɓa bari wani ya gane ban iya karatu ba. Sai ya ce, "Kawo nan, Hajiya ta gaji." Shi ya zauna da 'ya'yanmu bakwai a kan aikin gidansu, sannan da jikarmu Hafsatu, wadda ubanta ke tuƙa motar albasa tsakanin Arewa da kasuwar Shasha, uwarta kuma ba ta dawowa daga kasuwa sai yamma liƙis. Bayan azumin bana ya rasu. Ban daɗe da fita takaba ba. Tabarmarsa tana nan inda yake zama da Hafsatu bayan la'asar, na kasa naɗewa.

Yanzu ba allo suke ɗauka ba, jaka ce da ta fi ƙarfin bayansu. Littafi biyar, shida, kowanne da nasa aikin, kuma a ƙasa an bar wurin da iyaye za su sa hannu. Makon jiya Hafsatu ta dawo gwiwoyinta duk ƙura, an sa ta durƙuso don ba a sa mata hannu ba. Na ɗauki mayafina na tafi makarantar da wutar shekara sittin da wani abu a ƙirjina. Sai na tarar ticar tasu wata yarinya ce sa'ar Rabi, goyo a bayanta, yara sun cika ajin har bakin ƙofa. Na ce mata, "Mai karatun gidanmu ya mutu. Abin da za ki koya mata, koya mata a nan. In kin aiko shi gida, ba wanda zai karɓa sai ni, ni kuma ban san komai ba." Ta durƙusa har ƙasa irin gaisuwarsu, ta yi min ta'aziyya, ta ce daga sama ake sa su. Na dawo da fushina bai taɓu ba, don ba nata ba ne.

Rabi tana cewa na yafe wa Mai Lema, wai ta daɗe a ƙasa, ni ma na kusa. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata. Ita ban yafe ba, kuma ina so ta tsaya a gaban Inna ranar da za a tsaya. A da gidanmu ba mai karatu amma cike yake da mutane, ko kuskure za a yi maka da hannu biyu za a yi. Yanzu takarda ta cika ɗaki, mu biyu ne kawai a tsakar gida bayan la'asar, Hafsatu tana cizon biro tana ɗago kai ta dubi inda kakanta ke zama. Sai na matsa kusa da ita na zauna. Zaman kaɗai nake da shi.