Yatsu Uku na Gwaggo

Gwaggona tela ce, shekara talatin tana taka keke a wani shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Duk rigar da ta ɗinka sai ta bar rarar yadi mai faɗin yatsu uku a naɗe ta ciki. Masu kawo ɗinki su yi ta mita wai tana cinye musu yadi, ita ko a jikinta.

"Jiki ba katako ba ne," in ji ta. "A bar masa wurin motsi."

Mijinta mai gadi ne a wani kamfani, muna ce masa Baba Dogo. Bara cikinsa ya fara kumbura, likita ya ce hanta ce. Kamfanin kuwa ba sa wasa, da sun ga alamar ciwo sai sallama, ga shi da katin wurin aiki yake karɓar magani. Yadin kaki sau ɗaya ake ba su a shekara, kowa ya kai wa telansa. Neman ƙari tonon asiri ne.

Sai Gwaggo ta koma farke ɗinki. Duk Asabar ta warware gefen rigar aikinsa, ta saki rabin yatsa, ta mayar, ta bi sawun tsohon zaren da dutsen guga. Litinin ya fita maɓallai a rufe, yana ƙame ciki kamar soja. Ta zaga kasuwa kaf da ƙyalle a hannu, ba ta samu irin yadin ba. Wallahi na tsani Asabar a makonnin nan.

Wata Asabar na same ta da reza a hannu, ta farke gefen, ba abin da ya rage sai bakin yadi yana zubar da zare. Baba Dogo na kan benci da singileti, yana numfashi da ƙyar.

"Saki kaɗan mana, jibi Litinin," ya ce.

"Malam, babu."

"Ke da kike barin yatsu uku?"

"Duka ukun na ba ka."

Ya daɗe yana kallon rigar, sannan ya ƙaƙaro dariya. "Ai da kin bar huɗu."

Gwaggo ta kifa kai a kan keken. Ban taɓa jin kukanta ba sai ranar.

Litinin rigar ta ƙi rufuwa, Laraba aka sallame shi, katin ya tafi da aikin. Bai cika wata biyu ba muka kai shi makwanci.

Har yau tana ɗinki. Masu kawo yadi sun ƙara mita, ta daina ba su amsa. Yanzu yatsu huɗu take bari.